Karelia ta Arewa: Lardin da Ya Sauya Tukunyarsa

A farkon shekarar 1971, gwamnan lardin Karelia ta Arewa da ke gabashin ƙasar Finland, tare da 'yan majalisar yankin da shugabannin ƙungiyoyi, suka aika wa gwamnatin ƙasar takardar koke. Roƙonsu guda ne: a kawo musu ɗauki, mazajensu na ƙarewa. Mutum ɗan shekara 45, ƙaƙƙarfa, ya fita daji saran itace da safe, kafin yamma sai a kawo gawarsa, bugun zuciya ya yi gaba da shi. Binciken da masani Ancel Keys ya jagoranta a ƙasashe 7 ya riga ya nuna cewa a duk wuraren da aka auna, babu inda ciwon zuciya ke kashe maza kamar gabashin Finland.

Abin lura shi ne waɗannan mutane ba malalata ba ne. Masu saran katako ne da masu kiwon shanu, kullum cikin zufa suke duk da sanyin ƙasarsu. Matsalar tana cikin akushi da kuma aljihun riga. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an raba wa tsofaffin sojoji da 'yan gudun hijira filaye, suka sare daji suka sa shanu, man shanu ya wadata har ya zama mahaɗin komai. Ana lafta shi a burodi, a soya nama da shi, a bi da madara mai kauri. Kifi da nama kuwa da gishiri ake adana su don dogon hunturu. Ganye da kayan lambu, a wurin namijin Karelia na wancan zamani, abincin dabbobi ne. Ga taba sigari da suka koyo a fagen daga: fiye da rabin mazan lardin suna busa ta.

A 1972 aka ɗora wa wani matashin likita, Pekka Puska, wanda a lokacin bai kai shekara 30 ba, jagorancin aikin yaƙi da ciwon zuciya da aka kafa a lardin bayan wannan koke. Shi da abokan aikinsa sun ware abubuwa uku da za su yaƙa: taba, hawan jini, da kitsen nan da ke yawo cikin jini yana toshe hanyoyinsa, wanda likitoci ke kira kolestarol. Sanin waɗannan ukun ba sabon ilimi ba ne ko a wancan lokacin. Sabon abu shi ne shawarar da suka yanke cewa ba za su zauna a asibiti suna jiran mai ciwo ba, tun da kusan kowa a lardin yana kan hanyar ciwon.

Wannan ne ɓangaren labarin da ya fi burge ni. Puska ya gane cewa magidanci ba shi ke yanke abin da zai shiga cikinsa ba, ko da kuwa shi ya ba da kuɗin cefane. Saboda haka ya nufi ƙungiyar Marta, tsohuwar ƙungiyar matan gida mai rassa a ƙauyuka. Matan suka riƙa shirya tarukan yamma ana girki a gaban kowa, ana nuna yadda za a dafa abincin gargajiyar da aka saba amma a rage kitse, a rage gishiri, a cusa kayan lambu. Ba su ce wa kowa ya bar abincin kakanninsa ya koma na Italiya ba. Aka horar da mutanen da ake jin maganarsu a ƙauyuka su riƙa tayar da zancen a duk inda aka taru. Aka bi masu gasa burodi da masu sarrafa nama ana lallashinsu su rage gishiri kaɗan-kaɗan, yadda harshe ba zai farga ba. A talabijin aka riƙa nuna mutane na gaske suna fafutukar barin taba mako bayan mako, masu kallo na bin su a gida. Daga baya har gasa aka sa tsakanin ƙauyuka, a ga wanda zai fi rage kitsen jini.

Ba a sha da daɗi ba. Mai kiwon shanu da aka ce wa man shanu na kisa, ai tukunyar gidansa aka taɓa, kuma masana'antun madara sun yi ta mayar da martani. Da wa'azi kaɗai aka tsaya, da aikin ya mutu a nan. Sai aka nemo wa manoma wata hanyar samun kuɗi: noman ƙananan 'ya'yan itatuwan da ke jure sanyin ƙasar, da noman wani tsiro mai furen rawaya da ake tatsar man girki daga irinsa. Gwamnati kuma ta shigo da doka. A 1976 aka kafa dokar taba da ta hana tallarta, a 1977 aka faɗaɗa aikin zuwa ƙasar baki ɗaya, a farkon shekarun 1990 kuma aka wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da gishirinsa ya yi yawa, abin da ya sa kamfanoni da dama suka gwammace rage gishirin da su ɗauki tambarin.

Cikin shekara 40, daga 1972 zuwa 2012, mutuwa ta ciwon jijiyoyin zuciya tsakanin masu shekara 35 zuwa 64 a gabashin Finland ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Masu binciken sun ƙiyasta cewa kusan kashi biyu bisa uku na wannan raguwa daga waɗancan abubuwa uku ta fito, sauran kuma daga ingantuwar magani da tiyata. Ɗan Finland da aka haifa yau ana sa masa ran shekaru fiye da 10 a kan wanda aka haifa lokacin da aka rubuta waccan takarda. Akwai masu suka, kuma suna da hujja: a lardin Kuopio na maƙwabta, wanda aka ware don kwatantawa, mutuwar ta ragu ita ma, don haka da wuya a ce ga rabon aikin Puska, ga rabon sauyin zamani. Amma mutanen Kuopio ma ai talabijin ɗin suke kallo, kuma abin da ya sauya a wurinsu shi ne dai man, da gishirin, da tabar. Yau kuma Finland na fama da ƙiba da barasa.

Na san wani zai ce kowa da ranarsa. Haka ne, rai a hannun Allah yake. Sai dai wanda ya yi ajali shi ya yi sababi, kuma babu mai hankalin da ke ƙin tsallake rijiya don ya yarda da ƙaddara. Masu cewa tsawon rai gado ne kuma, binciken tagwaye a ƙasar Denmark ya sa rabon gado a kusan kashi ɗaya bisa huɗu kawai.

A ƙasar Hausa lissafin ya ɗan bambanta, kuma bai kamata a kwafo darasin ido rufe ba. Abin da ya fi jan matsakaicin shekarunmu ƙasa shi ne mutuwar ƙananan yara da ta mata wurin haihuwa, wanda rage kitse ba zai magance ba. Man shanu kuma tsadarsa ta isa ta hana yawancinmu wuce gona da iri. Gero, dawa, wake, kuka, zogale da rama, waɗanda Finland ta yi shekaru tana roƙon mutanenta su ci irinsu, suna cikin kwanonmu tun fil azal, sai dai ɗan birni ya fara raina su yana komawa ga farar shinkafa, taliyar leda da lemon kwalba. Inda muka yi kama da Karelia shi ne hawan jini, wanda kusan ɗaya cikin manya uku a Najeriya ke ɗauke da shi, da yawa ba su ma sani ba sai ɓarin jiki ya shanye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. A lissafa dunƙulen magi nawa ake murmushewa a tukunyar miya ɗaya, alhali gishiri ne mafi rinjaye a cikinsa, sannan a barbaɗa wani gishirin a kai, a zo kan tsire a ƙara yaji mai nasa magin.

A Finland yawancin gishirin daga gidan burodi da masana'anta yake fitowa, shi ya sa doka ta yi tasiri. Namu kuwa a madafa ake zuba mafi yawansa, da hannun uwargida ko mai sayar da abinci a bakin titi, inda babu jami'in da zai leƙa. Don haka cikin duk dabarun Puska, ta matan Marta ce ta fi dacewa da mu: a kai zancen Islamiyyar matan aure da wurin adashi, a dafa miya a gaban kowa da rabin magin da aka saba, a cike giɓin da daddawa da albasa da citta, a ba mutane su ɗanɗana.