Me Ya Haɗa Manomin Zauro Da Mutumin Italiya?

 Makon nan mun leƙa ajin Bayoloji ne.

A jikin kowane namiji akwai wani ƙunshin ƙwayoyin gado da ake kira kromosom Y. Ɗa yana samunsa daga ubansa, uban ma daga nasa uban, kusan ba canji. Jefi-jefi ƴar alama takan bayyana a kansa, duk zuriyar maza kuma ta gaje ta. Da irin waɗannan alamomi masana ke bin sawun ƙaurar mutanen da.

Mu ɗauki Italiya. Noman alkama da sha’ir ya fara ne a Gabas ta Tsakiya fiye da shekara 10,000 da suka wuce, ya isa kudancin Italiya wajen shekara 8,000 baya. Manoman sun fito daga Anatoliya, wato Turkiyya ta yau, da irinsu da tumakinsu, kuma da yawa cikin mazansu na ɗauke da alamar G2a. A 1991 an tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps, aka sa masa suna Otzi. Ya rayu shekara 5,300 baya, shi ma G2a gare shi.

To ina namu? A 2010 Fulvio Cruciani na Jami’ar Sapienza da ke Roma da abokan aikinsa sun bayyana wata alama, R-V88. Ta fi yawa a tsakanin masu harsunan Cadi, dangin da Hausa ke ciki, kuma ana samun kaɗan daga cikinta a tsibirin Sardiniya na Italiya. Masana da dama na ganin ta ratso Sahara ne a zamanin da take kore shar, da tafkuna da makiyaya.

Amma kada a ce daga can aka kawo mana noma. Gero a Sahel aka fara shuka shi, an samu burbushinsa mai shekara kusan 4,500 a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali. Jar shinkafar gargajiya, irin wadda kakanninmu suka noma a fadamar Rima, a kwarin Kogin Neja aka fara nomanta. Hatsinmu na gida ne.

Abin lura a nan: in ka ƙirga baya zuwa kaka na goma, gurabun iyayenka 1,024 ne, kromosom Y kuwa labarin mutum ɗaya tak yake bayarwa. Ba ya faɗin harshenka, balle halinka. Don haka in wani ya yi maka gorin asali a filin wasa, Bakabe ne ko Bafulatani ko Bazabarme, ka tambaye shi: sauran 1,023 fa?

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.

Ƙungiyar ’Yan Jarida ta Makaranta