MADUBIN HANGEN NESA

Jama'a, ko wanenmu ya san yadda a ke fita duban wata ran ashirin da tara ga Sha'aban. Rana na faɗuwa sai mutane su hau tudu, ko wa ya zuba ido yamma. Wani ya ce ga shi can, wani ya ce a'a, girgije ne. Wani lokaci har duhu ya yi ba a daidaita ba. To, akwai wani abu da ke taimakon ido a irin wannan aiki. Sunansa madubin hangen nesa, waɗansu kuma suna ce masa tabarau. A wannan darasi za mu ga yadda ya ke, da amfaninsa gare mu, da kuma haɗarin da ke cikinsa.

Yadda ya ke

Madubin nan bututu biyu ne a haɗe, ɗaya domin idon dama, ɗaya domin na hagu. A bakin ko wane bututu akwai babban gilashi mai tudu a tsakiya. Aikinsa tara haske. A ƙarshen da a ke sa ido kuma akwai ƙaramin gilashi, shi ne ke ƙara girman abin da a ke kallo. A tsakiya akwai waɗansu gilasai masu kusurwa. Ba domin su ba da sai mu ga itace saiwa sama, rassa ƙasa.

A ƙasar Holan aka fara ƙera madubin hangen nesa cikin 1608. Shekara guda bayan haka wani masani na Italiya, wai shi Galileo, ya ƙera nasa, ya ɗaga shi sama. Nasa bututu ɗaya ne. Irin mai bututu biyu da mu ke gani yau daga baya ya zo.

Karanta lambobin jikinsa

Ga inda karatunmu zai yi mana rana. A jikin ko wane madubi akwai lamba biyu, kamar 7x50, ko 10x50, ko 20x80.

Lamba ta fari tana faɗin sau nawa ya ke jawo abu kusa. In an rubuta 10, to, mutumin da ke taki 1,000 daga inda mu ke, za mu gan shi kamar yana taki 100 ne.

Lamba ta biyu faɗin babban gilashin ce, a ma'aunin milimita. Milimita 50 wajen inci 2 ke nan. Da dare wannan lamba ta fi ta fari muhimmanci. Ga dalili. Baƙin tsakiyar idon mutum, inda haske ke shiga, ko cikin duhu ba ya wuce wajen milimita 7. In ana ruwan sama, ka ajiye ludayi da babbar ƙwarya a tsakar gida, wanne zai fi tara ruwa? Ƙwarya mana. Haka gilashi ya ke da haske. Mai milimita 50 yana tara hasken da ya fi na ido wajen sau 50. Mai 80 ya fi sau 100. Mai 100 kuwa wajen sau 200.

Saboda haka in mai sayarwa ya yi ta kuri da lamba ta fari, mu dubi ta biyu. Madubi mai jawowa da yawa amma bakinsa ƙarami, da dare sai dishi-dishi.

Babba yana bukatar ƙafa

Mai 7x50 da mai 10x50 ana iya riƙe su da hannu. Manya kuwa, irin su 20x80 da 25x100, suna da nauyi ƙwarai. Ban da haka, yadda madubi ke ƙara girman abu, haka ya ke ƙara rawar hannu. In ya ƙara girma sau 20, rawar hannu ma sau 20 za ta zama, sai tauraro ya yi ta tsalle. Don haka a ke ɗora babba a kan ƙafa uku, kamar tukunya a kan murhu. In babu ita, a kafa gwafa a ƙasa, ko a ɗora shi bisa katanga a sa tsumma a ƙarƙashi.

Ga yadda a ke daidaita shi. Da fari a lanƙwasa bututun biyu har da'ira biyu da a ke gani su zama ɗaya. Sa'an nan a rufe gilashin dama da tafin hannu, a murza ɗan gargaren tsakiya har abu ya fito sarai a idon hagu. Daga nan a rufe na hagu, a murza zoben da ke wajen idon dama har shi ma ya daidaita. Shi ke nan.

Duban jinjirin wata

Tsakaninmu da wata wajen kilomita 384,000 ne. Ba shi da hasken kansa, na rana ne ke sauka a kansa. Daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 da rabi ne, shi ya sa wani wata ke yin kwana 29, wani 30.

Jinjirin wata siriri ne kamar zare, kuma ba ya daɗewa, sai ya bi rana ya faɗi. In bai kai wajen awa 15 da haihuwa ba, da wuya ido ya kama shi. Ga kuma hazo lokacin hunturu, ga gizagizai da damina. A nan babban madubi ke taimako. A Saudiyya ma masu duban wata a garuruwan Sudair da Tumair suna aiki da irinsa.

Sai rana ta faɗi ƙurmus za a ɗaga madubi. A duba sama kaɗan da inda ta faɗi, a bi a hankali dama da hagu. In an same shi, a lura da siffarsa. Bayansa mai haske kullum yana wajen da rana ta faɗi, ƙahoninsa biyu kuwa suna ba ta baya. In ba haka aka gani ba, to, ba wata ba ne. Watakila jelar girgije ce, ko hayaƙin jirgin sama. Wanda ya gani ya nuna wa na kusa da shi wurin, su ma su duba, da madubi da kuma ido.

Mu tuna, madubi ba ya ƙirƙiro watan da babu. Ba shi ne kuma ke yanke hukunci ba. Wanda ya gani ya gaya wa mai unguwa, labari ya bi ta dagaci da hakimi zuwa ga Sarkin Rano. Sanarwar azumi da ta salla kuwa daga Sarkin Musulmi ta ke fitowa a Sakkwato. Abin da a ke so gare mu shi ne shaida ta gaskiya. Gaggawar mutum ɗaya tana iya sa gari guda ya ɗauki azumi ko ya ajiye ba bisa daidai ba.

Kallon taurari

Mu mutanen ƙauye mun fi na birni sa'a wajen wannan. A Kano fitilu sun dushe taurari. Amma a Rurum ko Tarai, ko bisa duwatsun Rano, in babu farin wata, sama cike ta ke fal.

Mu fara da Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya. Cikin watan Nuwamba tana fitowa gabas da almuru, cikin Janairu kuma tana bisa kai bayan lisha. Da ido shida ko bakwai mu ke ƙirgawa. Da madubi sun fi 30.

Sai Zara, mai haske a yamma bayan magariba, da Gamzaki mai fitowa da asuba. Masana sun tabbatar abu ɗaya ne. Duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, wani lokaci ta fito da yamma, wani lokaci da asuba. Da babban madubi, a wani lokaci, za mu ga ta yi siffar lauje kamar jinjirin wata.

Akwai kuma Mushtari. In muka kafa madubi a kansa za mu ga ƙananan ɗigo har huɗu a jere kusa da shi. Watanninsa ne. In muka koma gobe sai mu tarar sun sake wuri. Galileo ya gan su cikin 1610.

Shi kansa wata, in ya kwana bakwai, za mu ga duwatsu da manyan ramuka a jikinsa, musamman a iyakar haske da duhu. Gani ya kori ji.

Tsuntsaye da gona

Da rana ma madubi yana da aiki. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, tsuntsayen ruwa ke taruwa a bakinta. Da madubi sai mu rarrabe zalɓe da balbela da kirinjijiya ba tare da mun firgita su ba. Waɗansu tsuntsayen da mu ke gani bayan kaka daga Turai su ke zuwa, sun ƙetare hamadar Sahara. Shamuwa kuwa daga kudancin Afirka ta ke tahowa, shi ya sa zuwanta ke nuna damina ta yi kusa.

Manomi ya fi ko wa sanin janbaki. In garkensu ya sauka a gonar gero ko dawa ko shinkafa, kafin a ankara sun gama da ita. Da yamma su kan koma wuri ɗaya su kwana. Mutum ɗaya a kan dutse da madubi zai iya ganin inda su ke sauka, a sanar da malamin gona da wuri. Makiyayi ma zai hangi saniyar da ta ɓalle tun ba ta shiga gonar wani ba, a huta da rigima.

Ya kamata ajinmu ya sami littafi guda. Ran da aka fara ganin shamuwa a rubuta. Ran da aka yi ruwan fari a rubuta. Ran da janbaki ya zo, da inda ya kwana, a rubuta. Bayan 'yan shekaru littafin nan zai gaya mana abin da ƙwaƙwalwa ta manta.

Kada a dubi rana

Wannan shi ne babban gargaɗi. Gilashin da ke tara hasken tauraro, shi ne zai tara zafin rana ya zuba cikin ido. Cikin ƙiftawa ɗaya ido ya ƙone, babu kuma likitan da zai mai da shi. Ko rana ta yi ja za ta faɗi, ko hazo ya rufe ta, ko ana husufi irin wanda aka yi ran 29 ga Maris 2006, kada a kuskura. Kada a bar wa yaro madubi da rana sai da babba a kusa. Rigakafi ya fi magani.

Ladabi da adana

Ba a leƙen gidajen mutane da madubi, ba a kallon mata a rafi ko a rijiya. Leƙe daga nesa leƙe ne. Kafin a hau dutse da shi a sanar da mai unguwa, domin kada a yi wa mutum mugun zato.

Ƙura ce babbar abokiyar gabansa. Kada a goge gilashi da bakin riga, ƙura za ta karce shi. A kaɗe ta da gashin tsuntsu tukuna, sa'an nan a shafa da tsumma mai laushi. In an gama a rufe bakinsa, a sa shi cikin jakarsa, a rataye inda babu laima.

Babban madubi yana da tsada, ba ko wane magidanci zai iya sayensa ba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aji guda, ko ƙungiyar manoma, ko jama'ar masallaci, za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, a danƙa shi ga mutum mai amana, a rubuta sunan duk wanda ya ara.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar 10x50 a jikin madubi?
2. Don me a ke ɗora babban madubi a kan ƙafa uku?
3. Ina ƙahonin jinjirin wata ke fuskanta?
4. Wa za mu gaya wa in mun ga wata?
5. Me zai sami wanda ya dubi rana da madubi?
6. Rubuta sunayen tsuntsaye biyar da ka gani a garinku.