Kare Tumatir Daga Dagargajewa a Hanyar Zuwa Wuse

Duk wanda ya taɓa ganin ana juye kwandon tumatir a Kasuwar Wuse da ke Abuja, ya san na ƙasa ne ke shan wahala. Tumatirin da aka tsinka lafiya ƙalau a Kadawa ko Kura ta Jihar Kano yakan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita cikin girgizar mota, na sama yana danne shi, tsinken kwando yana huda fatarsa. Ta wannan rauni ƙwayoyin cuta ke shiga, ruɓa ta biyo baya, asarar kuma ta koma kan manomi.

Abin da ake buƙata ga shimfiɗar kariya shi ne ta lotsa daidai gwargwado. In ta cika laushi, za ta lafe kafin ta shanye bugu. In ta cika tauri, bugun zai wuce ya sami kayan. Soson da muka saba da shi ramukansa ba su da tsari, don haka da wuya a daidaita shi. A shekarar 2014, masana a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore a Amurka sun ƙera soson silikon da na'urar da ke gina abu zare bisa zare, inda ake tsara taurinsa tun daga kwamfuta. A ganina, tsadarsa ta fi ƙarfin tumatir tukuna.

Abin da manomi zai iya yau shi ne amfani da kiret ɗin roba mai ƙofofin iska, mai ɗaukar kimanin kilo 25. Idan aka jera su, nauyi yana sauka a kan bakin kiret ne, muddin ba a cika shi ya yi tozo ba. A riƙa tsinka da sanyin safiya, tun tumatirin bai gama nuna ba.