3.4 Matsayin Bitamin D Wajen Haɗewar Ƙashi Bayan Tiyatar Babban Yatsan Ƙafa

Idan babban yatsan ƙafa ya karkace har gindinsa ya turo waje, likita kan yanka ƙashin, ya daidaita shi, sannan ya ɗaure da ƙarfe. Wato ke nan karaya ce aka yi da gangan, kuma takan ɗauki kamar mako 6 zuwa 12 kafin ta haɗe. A nan ne bitamin D yake shigowa. Fata ce ke samar da shi idan rana ta taɓa ta, hanta da ƙoda su sarrafa shi, shi kuma ya taimaki hanji wajen tsotsar sinadarin kalsiyam, wanda da shi ƙashi ke ginuwa. Idan ya yi ƙaranci, ɗorin na iya jinkiri.

Mai kallon zafin ranar Tambuwal da Kebbe zai ɗauka matsalar ba ta shafi yankin ba. Sai dai matar da ke kulle, wadda ke wuni a ɗaki ko zaure, ba lalle ne rana ta wadace ta ba. Bugu da ƙari, tuwon dawa da na gero ba su da kalsiyam sosai, in ba an haɗa da nono ba. Binciken da aka buga a 1999 kan yaran Jos masu gwame ya nuna kalsiyam ya fi bitamin D shi kaɗai warkar da su. Saboda haka, bai kamata likita ya tsaya ga awon jini ba. Ya dace ya tambayi mara lafiya abin da take ci kafin a sa ranar aiki.