Aska da Ruwa: Babba Mai Koyon Iyo

Yaron da ya tashi a Kwalkwalawa, bakin gulbin Rima, yakan iya iyo tun bai san ana koyonsa ba. Wanda kuwa ya tashi cikin birnin Sakkwato, a Gawon Nama ko Mabera, sau da yawa sai ya girma ya yi iyali, wani ma sai likita ya ce ya nemi motsa jikin da ba zai wahalar da gwiwoyinsa ba, sannan ya fara tunanin shiga ruwa. In ya ɗauki abin da gaske, ba ya daɗewa zai lura cewa 'yan gasar duniya jikinsu sumul yake, babu ko silin gashi a ƙirji da ƙwauri. Daga nan sai tambaya ta taso: shi ma sai ya aske?

Al'adar ta yi suna ne a gasar Olamfik ta 1956 a Melbourne, inda 'yan Ostareliya suka shiga ruwa a aske, Murray Rose kuma ya kwashi zinare uku. Dalilin ba boyayye ba ne. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, don haka duk abin da ya ɗan tokare shi a jikin mutum yana rage gudu. A 1989 wasu masana biyu a Amurka, Rick Sharp da David Costill, sun gwada 'yan ninƙaya kafin aski da bayansa, suka ga bayan askin kowane jan hannu yana kai su nesa fiye da da, sinadarin laktet da ke taruwa a jini idan tsoka ta sha aiki shi ma ya ragu. Su kansu 'yan wasan sun fi yabon yadda fata ke jin ruwa bayan reza ta bi ta kanta. Kuma ba kullum suke yi ba. Suna barin gashin ya taru watanni, sai ana gobe babbar gasa, bayan sun sassauta atisaye jiki ya huta, sannan su aske.

To amma ribar askin ɗan guntun daƙiƙa ce. Tana da daraja ga irin Michael Phelps, wanda ya doke Milorad Cavic a Beijing a 2008 da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Sabon shiga kuwa ba gashi ne ke riƙe shi ba. A gasar Sydney ta 2000, Eric Moussambani na ƙasar Ikwatoriyal Gini, wanda bai daɗe da fara koyo ba, ya yi mita 100 cikin minti 1 da daƙiƙa 52.72, da kyar ya kai bango. Bayan 'yan shekaru ya koma yin ta a ƙasa da minti ɗaya. Koyo ne ya ba shi wannan tazara.

Babban abin da ke kayar da babba shi ne numfashi. Tsoro kan sa ya riƙe iska a ƙirji, ya ɗaga kai sama yana neman shaƙa, kuma da zarar kai ya ɗagu ƙafafu sai su nitse, ya zama yana jan jikinsa a karkace. Maganin yana farawa a ruwan da bai wuce ƙirji ba. Ya kama bakin wurin ninƙaya, ya tsoma fuska, ya riƙa fitar da iska ta hanci a hankali har ya ga kumfa na tashi ta gefen kunnuwansa, sannan ya juya kai gefe, kunne ɗaya na cikin ruwa, ya shaƙa da baki. Wanda ya yi haƙuri da wannan na 'yan makonni ya gama rabin aikin. Bayan haka ido ya kalli ƙasa, bugun ƙafa ya fito daga ƙugu, gwiwa ba ta lanƙwashe sosai ba. Gajerun zango da hutu a tsakani, kamar mita 25 sau takwas, sun fi doguwar tafiya ɗaya da ake gamawa a wahale. Rabin awa sau uku a mako ya fi awa biyu ranar Lahadi kaɗai, domin kafaɗar babba ba ta yafe gaggawa. Kuma a zafin Afrilu na Sakkwato mutum yana gumi a cikin ruwa bai sani ba, sai ya ajiye gorar ruwan sha kusa.

Game da askin kansa, Musulmi ya riga ya saba da cire gashin hammata da na mara, wanda sunna ta ce kada ya wuce kwana 40. Gemu a bar shi, babu mai koyon da gemu ya hana ci gaba. Ko tufafi ba matsala ba ne: tun 2010 dokar gasar duniya ta taƙaita wandon maza tsakanin cibiya da gwiwa. Wanda ya kai matakin gasa yana son aske ƙirji da ƙafafu, ya fara rage gashin da injin aski, ya jiƙa fata da ruwan ɗumi da sabulu, ya bi da sabuwar reza ta inda gashin ya kwanta. Gashinmu mai murɗewa ne, in aka kankare shi ƙwarai yakan koma cikin fata ya haifar da ƙuraje. Kada a yi aron reza ko aska, saboda ciwon hanta da ƙanjamau. A lokacin hunturu, a shafa man kaɗanya bayan an wanke sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwan wurin ninƙaya.

Gulbi kuma daban yake da wurin ninƙaya na gini. Masu Kabanci a bikin kamun kifi na Argungu, waɗanda ke tseren iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa a kogin Matan Fada, 'ya'yan ruwa ne da suka san kowane gurbi. Sabon shiga kada ya bi sahunsu shi kaɗai, balle da damina lokacin da Rima ke cika tana ja da ƙarfi. Akwai kuma tsargiya a tafkuna da fadamun da dodon koɗi ke zama. Tsutsarta tana huda fata ko da babu rauni, don haka wanda ya shiga irin wannan ruwa ya ga jini a fitsarinsa, ya tafi asibiti a gwada shi.