Manhajar da Ke Aiki Ko Babu Sabis: Faɗakarwa ga Mutanen Wurno, Rabah da Goronyo

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato, ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal, ta sanar da katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun rahoto. Rabah da Goronyo na cikinsu. Duk wanda ke gabashin Sakkwato a lokacin bai manta ba. Masu POS suka naɗe lema. Mai son tura kuɗi ko jin lafiyar ɗansa sai ya biya mota ya tafi inda sabis yake. Wayar da aka sayar da buhunan albasa aka saya ta koma fitila da agogo, domin mafi yawan manhajojin cikinta ba sa motsi sai sun gaisa da wata babbar kwamfuta a Amurka ko Turai.

Amma akwai manhajojin da irin wannan yanayi ba ya kashe su, kuma da yawansu buɗaɗɗu ne. A kansu nake son mu yi magana.

Kowace manhaja rubutun umarni ce da mutane suka zauna suka tsara wa kwamfuta. Wasu kamfanoni suna ɓoye wannan rubutu, su ba ka izinin amfani kawai: ba ka gani, ba ka gyarawa, ba ka kwafa wa maƙwabci. Windows da WhatsApp irin wannan ne. Wasu kuwa suna baje rubutun a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba. Irin waɗannan manhajoji ne ake kira buɗaɗɗu. Manomin fadamar Wurno ya san bambancin tun kafin a yi masa bayani. Idan zai sayi injin ban-ruwa, tambayarsa ta farko ita ce ko bakaniken kasuwa zai iya kwance shi, ko ana samun kayan gyaransa. Injin da sai kamfani ke buɗewa, komai kyansa, ranar da ya tsaya a tsakiyar rani shinkafa ce za ta ƙone.

Wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ne ya ɗaga wannan tuta a 1983 da aikin da ya kira GNU. Ya ce mai amfani da manhaja yana da haƙƙi huɗu: ya yi aiki da ita yadda ya so, ya nazarce ta ya gyara, ya raba kwafinta, ya kuma raba gyaran da ya yi. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya saki Linux. Android ɗin da ke aljihun kusan kowane saurayi a Goronyo a kan Linux aka gina shi. Ashe dai abin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Inda ya fi kusa da mu shi ne asibiti. A aikin rigakafin shan-inna a jihohin Arewa, har da Sakkwato, masu sa ido sun daɗe suna cike fom a waya da manhajar ODK, wadda aka fara a Jami'ar Washington a 2008. Ka dubi yadda ake yi. Jami'a ta isa ƙauye a bayan babur, ko sanda ɗaya ta sabis babu. Ta buɗe fom, ta shigar da sunan unguwa, yawan yaran da aka ɗiga wa magani, gidajen da suka ƙi. Wayar ta ɗauki daidai wurin da take tsaye daga tauraron ɗan'adam, wanda ba ruwansa da kamfanin waya. Ta adana, ta mayar da wayar cikin jaka. Sai ta dawo gari, sabis ya shigo, sannan bayanan su tashi. Haka rahoton wata-wata na ƙananan asibitocinmu, na haihuwa da zazzaɓin cizon sauro da allurar yara, jami'in ƙaramar hukuma yana shigar da shi ne a DHIS2, buɗaɗɗiyar manhajar da Jami'ar Oslo ta Norway ke jagoranta. Akwai kuma SORMAS ta bin sawun annoba, wadda Najeriya da Jamus suka haɗa hannu suka ƙirƙiro bayan Ebola ta 2014. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna. Gumin masu bi gida-gida ne ya kawo haka, amma waɗannan manhajoji ne suka nuna inda aka tsallake, har ma da rugage da ƙauyukan da ba su cikin taswirar kowa.

Me ya sa su suka dace da mu? Saboda rubutunsu a buɗe yake, mutanen da ke aiki a ƙasashe irin tamu suka sa hannu suka daidaita su da rashin wuta, rashin sabis da ƙaramar waya. Babban kamfani yana ƙera kayansa ne don mai biya da dala. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, kuɗin hayar manhaja na wata-wata ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa.

Wannan ya kawo ni shagunan kwamfuta, inda ake buga takardu da cike fom. Ka shiga irin wannan shago lokacin rajistar jarrabawa: janareta na kuka a ƙofa, yara sun yi layi da hotuna a hannu, kuma a kusurwar allon kwamfutar ga rubutu dishi-dishi yana neman a biya kuɗin Windows. Mun san inda ake samo irin waɗannan manhajoji, a filash ake yawo da su, an fasa makullinsu. Wanda ya fasa makullin nan ba don Allah ya yi ba, sau da yawa yakan cusa nasa mugun abu a ciki. A kan wannan kwamfuta ake shigar da lambar NIN da BVN ta jama'a, da lambar waya da ranar haihuwa. Amana ce mai nauyi. Sannan Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo da yawa ba za su ɗauki Windows 11 ba. Kwamfutar da ba a toshe ɓarakarta abincin ɓarayi ce. A Mayun 2017 cutar WannaCry ta bi irin wannan ɓaraka ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa. Tsohuwar kwamfuta tana iya ɗaukar Linux Mint ko Ubuntu ta yi sauri, LibreOffice kuma ya buga wasiƙa ya yi lissafi, duk halal, ba sisin kwabo.

Masu ɗab'i za su ce CorelDRAW suka saba da shi, kuma fayilolin abokan cinikinsu nasa ne. Suna da gaskiya. Wanda abincinsa ya dogara da wata manhaja ya daure ya saya ta halal, ko ya koyi buɗaɗɗiyar manhajar zane ta Inkscape a hankali. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗora sirrin mutane a kan kayan sata.

Kada kuma a ɗauka buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da aibu. Mutane ne ke rubuta ta, wasu ma 'yan sa-kai da ba a biyansu. A Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano tarkon da aka ɗana a ɓoye cikin XZ, wata ƙaramar manhaja da Linux ke amfani da ita, bayan wani ya shafe shekaru yana neman yardar mai kula da ita. Buɗewar ce ta ba mugun ƙofa, ita ce kuma ta sa aka kama shi kafin ya yi ɓarna.

Babban abin da ke damuna ya fi wannan kusa. Manhajojin da ke asibitocinmu kyauta ne, amma kula da su ba kyauta ba ne, kuma yawancin masu kula da su suna Abuja, Kano ko ƙetare, da kuɗin masu ba da tallafi. A farkon 2025 Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta USAID, ayyukan lafiya da dama a Afirka suka girgiza. Kowa ya dogara da tukunyar wani, da yunwa zai kwana. Rubutun a buɗe yake, to amma yara nawa ne a Rabah za su iya karanta shi? Mu ne ke cike fom, wasu ne ke tsara shi.

Saboda haka shugabannin ƙananan hukumominmu, duk wanda ya zo da kwangilar manhajar haraji ko albashi, a tambaye shi: tana aiki babu sabis? A hannun wa bayananmu za su zauna? Idan kwangila ta ƙare, zai miƙa rubutun umarnin? Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora muku alhakin sirrin talakawanku. Shugabannin makarantu su nemi Kiwix, wadda ke sauke Wikipedia, har da ta Hausa, ɗalibi ya karanta ba data.

Ku kuma matasa, musamman masu karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato, harshen rubuta manhaja na Python kyauta ne, QGIS na zana taswira kyauta ne. Madatsar ruwan Goronyo ta yi ambaliya a 2010, kuma har gobe garuruwan bakin Gulbin Rima na buƙatar wanda zai zana musu inda ruwa ke bi. Mozilla na tattara muryoyin Hausa a shirin Common Voice don na'ura ta ji maganarmu. Idan Sakkwatawa ba su sa muryarsu ba, Kananci kaɗai za ta iya. Mai tsohuwar kwamfuta a ɗaki ya kakkaɓe mata ƙura, ya sa mata Linux, ya jawo ƙannensa biyu su zauna su koya tare.