Santimita ko ƙafa da inci: Yadda ɗigo ɗaya ke jawo asara tsakanin Gardole da Kano

Duk wanda ya taɓa zama a Unguwar Gardole, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin birnin Njamena da ke kusa da babbar kasuwa, ya san cewa mutanen wurin sun saba da canji iri-iri. Suna canza Naira zuwa Sefa, suna juya magana daga Hausa zuwa Larabcin Cadi ko Faransanci ba tare da gargada ba. Amma akwai canji guda da har yanzu yake kayar da manya da yara, wato mayar da tsayin mutum daga santimita zuwa ƙafa da inci.

Ni kaina na ɗanɗana kuɗar wannan al'amari. Lokacin da aka sa ranar auren wani ɗan yayata da ke zaune a Gardole, na ɗauki alƙawarin ɗinka masa kayan angwanci a Kano. Da yake ba zai samu zuwa awo ba, telan ya ce a aiko masa da tsayin angon da faɗin kafaɗarsa, sauran ya san yadda zai yi. Yaron ya duba katinsa na asibiti ya ga an rubuta 175, ya raba da 30.48 a wayarsa kamar yadda aka koya masa, ya samu 5.74, sai ya turo mini da 5.7. Ni kuma na gaya wa tela ƙafa biyar da inci bakwai.

Kayan sun bi mota daga Kano zuwa Maiduguri, suka wuce Gamboru-Ngala da Fotokol da Kuseri, suka haye gadar Ngeli, suka isa ana saura kwana biyu ɗaurin aure. Da ango ya saka, sai kaftani ya ɗage, wando ya tsaya a saman idon sawu. Ashe tsayinsa na gaskiya ƙafa biyar ne da inci tara. Inci biyu suka salwanta a hanya, kimanin santimita biyar ke nan, kuma shaddar da aka riga aka yanka ba ta komawa. Ranar ɗaurin aure da rigar aro ya fita.

Asalin bambancin

Wannan ruɗani gadon mulkin mallaka ne. Kafin zuwan Turawa, Bahaushe da jikinsa yake awo: taƙi, da kamu, da gaba. Da Faransawa suka kafa Fort-Lamy a shekarar 1900, bayan yaƙin Kuseri inda aka kashe Rabe da Kwamanda Lamy, sun zo da mita da santimita, ma'aunin da aka ƙirƙiro a ƙasarsu a shekarun 1790. Garin ne aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973. Turawan Ingila kuwa suka kawo wa Najeriya inci da ƙafa da yadi da mil. Hausawa fatake da maniyyata aikin Hajji da suka riƙa bin hanyar gabas ta ƙasa, waɗanda da yawansu suka yada zango a Fort-Lamy har suka zama 'yan gari, sai suka tsinci kansu tsakanin ma'auni biyu.

A hukumance Najeriya ta koma tsarin mita tun shekarun 1970, zamanin da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, aka kuma fito da Naira a 1973. To amma hukuma daban, kasuwa daban. Har gobe telan Kano da inci yake awo, mai atamfa a Kantin Kwari da yadi yake sayarwa, dillalin fili kuma ƙafa hamsin da ƙafa ɗari yake ambata. Shi kuwa yaron da ya yi makaranta a Njamena, in ka tambaye shi tsayinsa, mita ɗaya da saba'in da biyar zai ce maka.

Inda kuskuren yake

Tun shekarar 1959 ƙasashen da ke amfani da ma'aunin Ingila suka amince cewa inci ɗaya daidai yake da santimita 2.54. Inci 12 ke yin ƙafa ɗaya, don haka ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce, yadi ɗaya kuma santimita 91.44.

Matsalar ita ce, tsarin mita goma-goma yake tafiya, alhali ƙafa sha biyu-sha biyu take rabuwa. Idan na'urar lissafi ta nuna 5.74, abin da ke bayan ɗigo ba inci ba ne, kaso ne na ƙafa. Sai an ninka shi da 12 kafin ya zama inci. Wato 0.74 sau 12, ya ba da kusan inci tara. Haka mai santimita 180 zai ga 5.9 a wayarsa ya ɗauka ƙafa biyar da inci tara ne, alhali ƙafa biyar da inci 11 yake.

Hanyar da ba ta ɓatar da mutum ita ce ya fara mayar da santimita zuwa inci, ta hanyar rabawa da 2.54. Misali, 170 a raba da 2.54 ya ba da kusan inci 67. Daga nan sai a cire inci 60, waɗanda su ne ƙafa biyar, saura bakwai. Ke nan mai santimita 170 ƙafa biyar ne da inci bakwai.

Wanda ba ya kusa da waya ma yana iya yi da ka. Ya riƙe cewa ƙafa biyar kimanin santimita 152 ce, ƙafa shida kuma kimanin 183. Sai ya cire 152 daga tsayinsa, abin da ya rage ya raba da biyu da rabi. Mai 160 zai samu ƙafa biyar da inci uku, mai 165 ƙafa biyar da inci biyar, mai 175 ƙafa biyar da inci tara. In kuma daga ƙafa za a koma santimita, a ninka ƙafafun da 12, a haɗa da incin da ya rage, a ninka jimlar da 2.54.

Abin ya wuce ɗinki

Da a kan riga kaɗai matsalar ta tsaya, da sai a ce dariya ce. Amma akwai 'ya'yan 'yan Najeriya da aka haifa a Cadi waɗanda kan dawo gida neman aikin ɗamara. A sanarwar ɗaukar kuratan sojan ƙasa ta Najeriya ta shekarun baya-bayan nan, ana neman namiji ya kai mita 1.68. Matashi kan ji ana cewa ai ƙafa biyar da inci shida ke nan, sai ya kama hanya. Alhali ƙafa biyar da inci shida cif santimita 167.64 ce, wato ta gaza 168 da ɗan kaɗan. Wannan ɗan kaɗan ɗin yana iya mayar da mutum gida bayan ya kashe kuɗin mota da na takardu.

A fannin lafiya ma haka abin yake. Ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 da santimita yake aiki, kuma da shi ake gane yaron da tamowa ta tsumburar. Maganin Mectizan da ake rabawa don yaƙi da makantar da ƙudan bakin rafi ke yaɗawa, da sandar awon tsayi ake ƙayyade yawan ƙwayoyinsa, kuma ba a ba yaron da bai kai santimita 90 ba. A irin wannan wuri kintace ba shi da amfani.

Su kansu masu ilimin kimiyya ba su tsira ba. A shekarar 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wani sashe na masu aikin ya yi lissafi da ma'aunin Ingila, ɗaya sashen kuma ya ɗauka na mita ne. In haka ta faru da kumbo, ina ga kaftani?

Abin da ya kamata a kiyaye

Mai son sanin tsayinsa ya cire takalmi da hula, ya jingina da bango, a ɗora littafi a kansa a yi alama, sannan a auna daga ƙasa. A tuna cewa tef ɗin tela yawanci inci 60 ne, wato kimanin santimita 150, bai kai tsayin yawancin manya ba, sai an auna sau biyu an haɗa. Tef ɗin kuma fuska biyu gare shi, ɗaya inci ɗaya santimita, don haka a tabbatar da wadda ake karantawa. Mutum ma yakan fi tsayi da safe fiye da yamma da kimanin santimita ɗaya, saboda haka wanda yake kan gaɓa ya san da wannan.

Mafi muhimmanci, in za a aika awo daga Gardole zuwa Kano, ko daga Kano zuwa Gardole, kada a aika lamba tsirara. A rubuta da kalmomi: ƙafa biyar da inci tara, ko santimita 175. In da hali a aika duka biyun, domin ɗaya ya zama shaidar ɗaya. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Shi dai angon namu yanzu 'ya'yansa biyu, kaftanin kuwa yana wajen ƙanensa, wanda ya zauna masa ɗas kamar don shi aka ɗinka.